Inda Nassi Ya Yi Shiru a Kan Maryamu

Salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta tabbata a gare ku, 'yan'uwa. Maganar yau tana da ɗan tsawo. Wanda yake kan hanya ko a bakin aiki, ya ajiye ta sai ya koma gida ya samu natsuwa.

Sati uku da suka wuce aka yi suna a gidanmu. Kun dai san taron suna a babban gida: na kusa da na nesa kowa ya hallara, mata suna tsakar gida ana fama da tukwane, mu maza muna ƙofar gida a inuwar dalbejiya. Cikin baƙin har da gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda aure ya kai ta gidan 'yan Katolika tun ina goye. Mu sauran gidan duk a ikilisiyar bishara muka tashi. Shekara da shekaru ana zumunci, ba a taɓa jin kanmu a kan wannan bambanci ba. Ta shimfiɗa tabarmarta a bakin zaure, carbinta a hannu kamar yadda ta saba, sai ga ɗan ƙanena, wanda bara ya shiga makarantar koyon Littafi Mai Tsarki. Tsakaninsu akwai wasan jika da kaka, "maigida" ma take ce masa. Ya tsaya a kanta ya ce, "Kaka, har yanzu kina nan kina ja wa matar nan carbi? Matar da ta haifi 'ya'ya bakwai kuke ce wa budurwa?" Samari suka kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ɗaga kai ta dube shi, ta ce, "Yaro, uwar Ubangijinka ce matar nan?" Ta naɗe tabarmarta, ta tafi tun ba a raba abinci ba.

Ina wurin, ban ce uffan ba. Abin da ya fi damuna shi ne dalilin shirun nawa: a zuciyata ina ganin ai yaron yana da aya. Daren nan barci ya ƙaurace mini. Na ɗauko Littafi Mai Tsarki da tsofaffin littattafan tarihin ikilisiya da na daɗe ban kaɗe musu ƙura ba, na bi maganar tun daga tushe. Abin da na samo shi nake so mu duba tare.

Akwai wurin da babu gardama ko kaɗan. Maryamu budurwa ce lokacin da ta ɗauki cikin Yesu ta ikon Ruhu Mai Tsarki, ba ta san namiji ba har ta haife shi. Matiyu 1 da Luka 1 sun faɗa ƙarara, Matiyu kuma ya ɗaure maganar da annabcin Ishaya 7:14. Ɗan Katolika, ɗan Otodoks, ɗan Angilikan, ɗan Baptis, ɗan ECWA, COCIN ko EYN, duk bakinmu ɗaya a nan, kuma shi ne aka furta a Shaidar Bangaskiya ta Manzanni. Inda hanya ta rabu shi ne bayan haihuwar. Ta ci gaba da zama budurwa har ta bar duniya, ko kuwa ta yi zaman aure da Yusufu kamar kowace matar aure, ta haifa masa 'ya'ya?

Lissafin yaron daga Markus 6:3 da Matiyu 13:55-56 ya ɗauko shi. Mutanen Nazarat suna mamakin Yesu, suna cewa ashe ba masassaƙin nan ba ne, ɗan Maryamu, ɗan'uwan su Yakubu da Yusufu da Yahuza da Saminu, 'yan'uwansa mata kuma ba ga su nan tare da mu ba? Maza huɗu, mata aƙalla biyu, ga Yesu, bakwai ke nan. Kuma sau da yawa inda aka ambace su, tare da Maryamu ake ganinsu: sun gangara Kafarnahum tare bayan bikin Kana, sun tsaya a waje tare suna nemansa a Markus 3, suna addu'a tare a ɗakin bene a Ayyukan Manzanni 1:14. Duk wanda ya karanta wannan ba tare da an faɗa masa komai ba, zai ce uwa ce da 'ya'yanta. Ni ma haka na karanta tun ina makarantar Lahadi.

Sai dai mu Hausawa bai kamata mu yi gaggawa a kan kalmar "ɗan'uwa" ba, don mun fi kowa sanin faɗinta. Kalmar kanta cewa take ɗan uwa, amma wa muke kira da ita? Ɗan baffa, ɗan kawu, ɗan gwaggo, ɗan inna, ɗan kishiyar uwa, har wanda kuka fito gari ɗaya in kun haɗu a Legas. Shi ya sa in mutum ya ce maka "ɗan'uwana ne", kuma maganar gado ce ko ta aure, sai ka sake tambaya: ciki ɗaya kuke? Uwa ɗaya uba ɗaya, ko 'yan uba ne? Ibraniyawa ma haka suke. Lutu ɗan Haran ne, Haran kuwa ɗan'uwan Ibrahim ne, amma a Farawa 13:8 Ibrahim ya ce masa mu 'yan'uwa ne, a Farawa 14 ma Ibrananci ɗan'uwansa ya kira shi. Da aka fassara Tsohon Alkawari zuwa Helenanci, kalmar da aka sa a nan, adelfos, ita ce dai wadda Bishara ta yi amfani da ita ga su Yakubu. Ƙari a kan haka, babu aya ko ɗaya da ta kira su 'ya'yan Maryamu. Na nema, ban samu ba. Ga kuma wata Maryamu daban a Markus 15:40, uwar Yakubu ƙarami da Yusufu, sunaye iri ɗaya da biyu daga cikin huɗun nan. Wannan hujjar 'yan Katolika ce, kuma ba hujjar banza ba ce.

Amma ita ma tana da rauni. Kamar yadda muke da "ɗan baffana" in muna son mu fayyace, Helenanci yana da tasa kalmar, anefsiyos, kuma Bulus ya san ta, don da ita ya bayyana dangantakar Markus da Barnaba a Kolosiyawa 4:10. Shi wannan Bulus ɗin, yana rubuta wa Galatiyawa da Helenanci, ya kira Yakubu ɗan'uwan Ubangiji. Yosifus, masanin tarihin Yahudawa wanda ba Kirista ba ne, da yake ba da labarin yadda aka jajjefe Yakubu a Urushalima a shekara ta 62, ɗan'uwan Yesu ya kira shi. Hegesifus, Kirista na ƙarni na 2, ya kira Yakubu ɗan'uwan Ubangiji, amma da ya zo kan Saminu ɗan Kilofas, wanda ya gaji Yakubu a shugabancin ikilisiyar Urushalima, sai ya yi amfani da ɗaya kalmar, wato ɗan baffa. Mutumin da ya bambanta biyun ya san abin da yake faɗa.

Akwai hanya ta uku wadda yawancinmu ba mu taɓa ji ba, ita ce kuwa ikilisiyoyin Gabas suka riƙe: cewa 'ya'yan Yusufu ne da matarsa ta fari wadda ta rasu. A gidan Bahaushe wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Gari duka yana ɗaukar Yesu ɗan Yusufu ne, kamar yadda Luka 3:23 ya nuna, saboda haka a idon kowa 'yan uba ne, yayyensa ne. Ku dubi ma yadda suke yi da shi. A Markus 3:21 danginsa sun fito su kama shi, wai ya zautu. A Yahaya 7:3 'yan'uwansa suna ba shi umarni ya tashi ya tafi Yahudiya. Ƙane ba ya yi wa wa haka a gidan da ake da tarbiyya. Wannan ba ya tabbatar da komai, amma ya sa na yi shiru na ɗan lokaci.

Sai kalmar "har". Matiyu 1:25 ya ce Yusufu bai san ta ba har ta haifi ɗa. Mu 'yan bishara mukan buga ƙirji da wannan aya, mu ce ai "har" ta gama magana. To, mu auna ta da bakinmu. In na ce ban ci komai ba har rana ta faɗi, kowa ya san na ci bayan faɗuwarta. In kuma na ce kakana bai taɓa shiga jirgi ba har ya rasu, ba wanda zai ce ya shiga bayan rasuwa. Littafi Mai Tsarki yana da irin ta biyun: Mikal 'yar Saul ba ta haihu ba har ranar mutuwarta, in ji 2 Sama'ila 6:23. Abin da ke gaban Matiyu shi ne ya toshe bakin masu zargi game da cikin, ya tabbatar Yusufu ba shi da hannu a ciki. Duk da haka, ni dai a kunnena, in ana maganar miji da mata, an riga an ce "kafin su tare" a aya ta 18, mala'ika kuma ya ce kada ya ji tsoron ɗaukar matarsa a aya ta 20, to "har" ɗin nan ta fi karkata ga irin ta farko. Karkata na ce, ban ce hukunci ba.

"Ɗan fari" kuwa, na Luka 2:7, gara mu daina kafa hujja da shi kai tsaye. Wace mace ce a garinmu ake jira sai ta yi na biyu kafin a ce wa na farkon ɗan fari? Ran da ta haihu ran nan ake kiransa haka, ran nan take fara kunyarsa, ta daina kama sunansa, ko da Allah bai sake ba ta wani ba. A Shari'ar Musa ma ɗan fari shi ne wanda ya buɗe mahaifa, na Ubangiji ne bisa ga Fitowa 13, ana fansarsa da shekel biyar yana ɗan wata ɗaya bisa ga Littafin Ƙidaya 18. Ba a jiran ƙane. Abin da kawai za a iya ƙarawa shi ne Luka ya san kalmar "tilo". Ya faɗe ta a kan ɗan gwauruwar Nayin, da 'yar Yayirus, da yaron nan mai aljan a sura ta 9. A kan ɗan Maryamu bai faɗe ta ba.

A gindin gicciye kuma 'yan Katolika suke da tambayar da ta fi kowace nauyi. Yesu ya damƙa uwarsa a hannun almajirin da yake ƙauna, daga wannan sa'a almajirin ya kai ta gidansa. Ku kawo wannan garinmu. Mace tana da 'ya'ya maza huɗu da ransu da lafiyarsu, a ɗauke ta a kai gidan bare? Gorin da za a yi musu har jikokinsu sai sun ji shi. Amsarmu ita ce Yahaya 7:5, cewa 'yan'uwansa ba su gaskata da shi ba a lokacin, ba a kuma ambace su a wurin ba. Amsa ce mai ma'ana. Ba ta kashe tambayar ba, don bayan 'yan makonni ga su nan cikin masu bi suna addu'a.

Ƙofar gabas da aka rufe a Ezekiyel 44:2, wadda iyayen ikilisiya irin su Ambros na Milan suka fassara da Maryamu, maganar Haikali ce. Misali yana iya yi wa koyarwa ado, amma ba a kafa gini a kansa.

To daga ina koyarwar ta samo ƙarfinta? Rubutu mafi daɗewa da ya ɗauke ta shi ne wani littafi na ƙarni na 2 da aka jingina wa Yakubu, alhali an rubuta shi shekaru da yawa bayan kashe Yakubu. A cikinsa ne aka ce Yusufu tsoho ne mai 'ya'ya, an ba shi Maryamu ya riƙe ta amana, a cikinsa kuma aka samo sunayen iyayenta, Yowakim da Hannatu. Ba ya cikin littattafai 27 na Sabon Alkawari. A gefe guda kuma, Tartuliyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau, wajen shekara ta 200, rubuce-rubucensa suna nuna ya ɗauke su 'yan'uwa na jini. Ashe tun farko ba baki ɗaya aka tashi ba.

Rigimar ta fashe sosai a Roma wajen shekara ta 383. A lokacin zaman zuhudu ya yi tashe, mutane suna barin gari suna shiga hamadar Masar, ana ɗaukaka rashin aure sama da aure. Wani mutum mai suna Helbidiyus ya rubuta cewa Maryamu ta haifa wa Yusufu 'ya'ya, don ya nuna matar aure ba ta gaza budurwa daraja ba. Jerom, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya mayar masa da martani mai zafi. Shi ne ya kafa bayanin cewa 'ya'yan dangi ne, har ya ƙara da cewa Yusufu ma bai taɓa sanin mace ba. Da Helbidiyus ya kafa hujja da Tartuliyan, Jerom cewa ya yi ai wannan ba ɗan ikilisiya ba ne. Littafin Helbidiyus ya ɓace, abin da muka sani game da shi ta bakin abokin hamayyarsa muka ji. Efifaniyus, bishof a tsibirin Kubrus, shi ya tsaya kan cewa 'ya'yan Yusufu ne na auren fari. Agustin na Hippo, a Aljeriya ta yau, ya fahimci tambayar Maryamu ga mala'ika a Luka 1:34 a matsayin alamar ta riga ta yi wa Allah alkawarin budurci. Majalisar Konstantinoful ta shekarar 553 ta kira ta "budurwa har abada", taron Lateran na shekarar 649 a ƙarƙashin Fafaroma Martin na Ɗaya kuma ya mai da ita doka, tare da hukunci a kan wanda ya musa. Har yau Katolika, Otodoks, Kibɗawan Masar da ikilisiyar Habasha duk a kai suke.

Cikin iyayen nan akwai wanda maganarsa ta kwanta mini, Basil na Kaisariya, wanda ya rasu a 379. Shi kansa ya gaskata da budurcin dindindin, ya ce masu ƙaunar Almasihu kunnensu ba ya jure jin akasin haka. Amma ya yarda cewa ɗaya ra'ayin bai rushe bangaskiya ba, domin budurcin da ya zama dole shi ne na har zuwa haihuwar Mai Ceto.

Ga inda na so a ce ɗan ƙanena ya kai a karatunsa kafin ya buɗe baki. Martin Luta, wanda muke tinƙaho da shi a kan "Nassi kaɗai", ya riƙe budurcin Maryamu na dindindin har ya mutu. Zuwingili na Zurik haka. Jon Wesli, uban 'yan Metodis, a wasiƙar da ya rubuta wa wani ɗan Katolika a 1749, ya furta cewa ta ci gaba da zama budurwa bayan haihuwar kamar yadda take kafinta. Jon Kalbin na Janiba ya ƙi yarda da batun alkawarin budurci, amma a sharhinsa kan Matiyu 1:25 ya ce ba za a iya ciro abin da ya faru bayan haihuwar daga wannan aya ba, ya kuma ɗauki nacewa a kan tambayar a matsayin son bin diddigi da son gardama. Da mutanen nan sun zo sunan gidanmu, mafi yawansu a tabarmar gwaggo za su zauna.

Ni ina tsaye a ina? Har yanzu ina ganin karatun da ya fi sauƙi, wanda bai buƙatar a jawo wani littafi daga waje, shi ne 'ya'yan Maryamu da Yusufu ne. Ban canza ba. Abin da ya canza shi ne na daina ɗaukar wanda ya saɓa mini a matsayin wanda bai karanta Littafinsa ba. Inda kuma na tsaya da ƙafa biyu shi ne nan: ba na yarda a ɗaure lamirin mai bi da abin da manzanni ba su rubuta ba, a ce in bai karɓa ba ya fita daga bangaskiya. Bitrus ya yi wa'azi ran Fentikos, mutum wajen 3,000 suka tuba, bai ambaci wannan ba. Bulus ya jera abin da ya kira mafi muhimmanci a 1 Korantiyawa 15, mutuwar Almasihu saboda zunubanmu, binne shi, tashinsa, babu wannan a ciki. Ƙa'ida ta 6 cikin ƙa'idodi 39 na Angilikan ta faɗi abin da nake nufi: abin da ba a karanta a Nassi ba, ba a kuma iya tabbatar da shi daga Nassi ba, kada a tilasta wa kowa gaskata shi a matsayin sharaɗin ceto. 'Yan'uwanmu Katolika suna da nasu tsarin. Majalisar Tirent a 1546 ta karɓi Nassi da gadon manzanni da girmamawa ɗaya, Majalisar Batikan ta Biyu a 1965 kuma ta ce daga maɓuɓɓuga ɗaya suke fitowa. Ainihin bambancinmu ke nan. Maganar Maryamu reshe ce kawai.

Kada kuma mu ruɗi kanmu cewa Littafi Mai Tsarki ya la'anci kowace al'ada. Yesu ya tsawata wa Farisiyawa a Markus 7 don al'adarsu ta soke umarnin Allah: mutum ya ce dukiyarsa keɓaɓɓiya ce ga Allah, shi ke nan ya tsira daga ciyar da iyayensa. Amma Bulus a 2 Tasalonikawa 2:15 cewa ya yi a riƙe koyarwar da aka miƙa, ko ta baki ko ta wasiƙa. Jerin littattafai 27 ɗin da ke hannunka ma, babu ayar da ta lissafa su. Wasiƙar Atanasiyus na Iskandariya ta shekarar 367 ce ta fara jera su daidai yadda muke da su. Ni yadda nake ganin abin, kamar rikicin iyakar gona ne. Mai unguwa yana kiran dattawa, maganarsu tana da nauyi, wawa ne kaɗai zai ce ba ya son jin ta. Amma in gambar da aka dasa a kan iyaka tana nan tsaye, da ita ake auna maganar kowane dattijo. Inda kuwa babu gamba, sai shaidar dattawa kaɗai, kuma su ma bakinsu bai zo ɗaya ba tun farko, mai hankali ba ya zare wuƙa. Mutanen Biriya manzo ne sukutum ya yi musu wa'azi, suka karɓa da murna, suka kuma koma suna bin Nassi kowace rana su ga ko haka ne. Luka yabonsu ya yi.

Laifi tudu ne. Mu da muke cewa Nassi kaɗai, wace aya ce ta ce masanan taurari uku ne? Kyautai ne uku, mutanen ba a ƙidaya su ba, kuma a gida suka same shi bisa ga Matiyu 2:11, amma kowace Kirsimeti yaranmu uku muke naɗa wa rawani mu tura su wurin komin dabbobi. Wace aya ce ta ce 25 ga Disamba? Waɗannan ma masu sauƙi ne, ba sa cutar kowa. Na ga inda aka hana dattijuwa Jibin Ubangiji shekaru, ita da ta yi aure bisa al'ada tun kafin a gina majami'ar garin, wai ba a ɗaura a coci ba. Wannan ɗaure lamiri ne da abin da ba a rubuta ba, kuma ba Fafaroma ne ya yi shi ba, mu ne.

Akwai kuma abin da ke kwance a ƙarƙashin gardamar tun zamanin Jerom, wato darajar aure. Ɗan'uwana ɗan Katolika, ka riƙe abin da aka koya maka, amma kada ya sa ka ji kamar da Maryamu ta yi zaman aure da mijinta da ta ƙazantu. Ibraniyawa 13:4 ta ce aure abin girmamawa ne ga kowa, gadon aure kuma marar aibi. Uwarka da ta haifi takwas ba ta gaza kowa tsarki a gaban Allah ba saboda haihuwa. Mu kuma namu ciwon kishiyar wannan ne. Ba mu da wurin ajiye wanda bai yi aure ba. Namiji ya kai arba'in mu ce tuzuru, mace ta wuce talatin mu hana ta sakat da tambaya da habaici har a taron addu'a, kamar Yesu bai yi maganar masu zama haka saboda Mulkin Sama a Matiyu 19:12 ba, kamar Bulus bai kira shi baiwa a 1 Korantiyawa 7 ba. Wanda muke bauta wa ma bai yi aure ba.

Sai harshe. Maƙwabtanmu Musulmi ba sa ambaton Nana Maryam sai da girmamawa. Sura ta 19 a Alƙur'ani sunanta take ɗauke da shi, ita ce kuma mace ɗaya tak da aka kama sunanta a cikinsa. A ranar sunan nan akwai maƙwabta Musulmi a ƙofar gidanmu, sun ji Kirista yana ce mata "matar nan" ana dariya. Alisabatu, cike da Ruhu Mai Tsarki, "uwar Ubangijina" ta kira ta. Ita kanta ta ce dukan zamanai za su ce da ita mai albarka, mu ma muna cikin zamanan. Yarinya ce da ta ce "ga ni, baiwar Ubangiji ce" alhali ta san abin da ciki ba tare da tarewa ba zai iya jawo mata a Nazarat. Ta tsaya a gindin gicciye lokacin da yawancin maza suka watse. Don tsoron kada a ce mun zama 'yan Katolika, mun kai inda ba ma iya yin wa'azi a kanta sai a Disamba, shi ma a gurguje. Ba na roƙo ta wurinta, ban ga inda aka umarce ni ba. Amma tsakanin ƙin roƙo ta wurinta da raina ta akwai tafiya mai nisa.

Wani abu ya ba ni kunya da na kai ƙarshen binciken. Shi Yakubun da muke ta ja-in-ja a kan ko ɗan wace ce, bai damu ya faɗa mana ba. Mutumin da bai gaskata ba, Ubangiji ya bayyana gare shi bayan tashinsa, ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan ikilisiyar Urushalima, shi ya yanke magana a taron Ayyukan Manzanni 15. Da ya zo buɗe wasiƙarsa, bawan Allah da na Ubangiji Yesu Almasihu ya kira kansa. Yahuza ma bawan Yesu Almasihu ya ce, ɗan'uwan Yakubu. Da ni ne, da "ƙanen Yesu" zan sa a buga a jikin motata. Sun ji abin da ya faɗa ran da suka tsaya a waje suna aike a kira shi, cewa duk mai yin nufin Allah shi ne ɗan'uwansa da 'yar'uwarsa da uwarsa. Kuma wannan Yakubun ne ya rubuta cewa wanda yake ganin kansa mai addini ne amma bai sa wa harshensa linzami ba, addininsa banza ne.

Ran Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga sujada, na ɗauki yaron a babur muka tafi gidan gwaggo. A hanya na ce masa, "Ba na ce ka canza ra'ayinka ba. Haƙuri za ka bayar, ni ma zan bayar, don ina zaune ka yi." Muka same ta tana tsince wake a faifai. Ya durƙusa ya ce, "Kaka, na yi kuskure, ki yafe mini." Ta bar shi a durƙushe har ta gama tsintar da ke gabanta. Sannan ta ce, "Tashi, maigida, kada ka ɓata wandon coci." Ta sa aka kawo mana kunu. Carbinta yana rataye a ƙusa kusa da ƙofa, ba wanda ya dube shi sau biyu.

Da za mu tafi ta ce tabaraunta ya fashe, kwana biyu ba ta yi karatu ba, ya karanta mata labarin bikin Kana. Ya buɗe Yahaya 2 ya fara zuba kamar ana korarsa, ta ce ya yi a hankali, ba tsere ake ba. Ya karanta inda ruwan inabi ya ƙare, da inda Maryamu ta ce wa barori su yi duk abin da ya faɗa musu, da randuna shida na dutse. Da ya iso aya ta 12, inda aka ce ya gangara Kafarnahum shi da uwarsa da 'yan'uwansa da almajiransa, sai muryarsa ta tsaya, ya ɗago ya dube ni. Gwaggo ba ta ɗaga kai daga faifanta ba. Ta ce, "Na ji. Ci gaba."